Bikon da Zaliha Ta Ƙi Ƙarasawa

In matarka ta yi yaji a Tawa, hanya biyu ce a gabanka. Ko ka tara dattawan gidanku su je zauren surukinka su sha shayi, su yi zancen damina da tsadar hatsi, su dawo maka da "an ce a ƙara haƙuri", ko kuwa ka nemi Zaliha. Masu hankali Zaliha suke nema. Ni Safi katanga ɗaya ce tsakanina da ita tun muna da haƙoranmu duka, kuma ni nake raka ta, don mace ba ta zuwa biko ita kaɗai, sai da wadda za ta zauna a gefe tana cewa "gaskiya ne". Aikina ke nan, kuma na iya shi.

Gajeruwa ce, baƙa, mai faɗin ƙugu, bakinta ja wur da goro tun daga asuba. 'Yar Afala ce. Sana'arta ta ainihi sayar da cuku a kasuwa, wanda matan Azawak suke kawo mata, amma in ka ce Zaliha mai cuku sai a tambaye ka wace, in ka ce Zaliha mai biko har yara za su nuna maka ƙofarta. Ladanta ba wani abu ba ne: turmin atamfa, sabulu, tiyar hatsi, wani lokaci kuma godiya tsura daga marowaci.

Abin dariyar shi ne ita kanta ba a taɓa bikonta ta koma ba. Aurenta uku. Na fari ya mare ta sau ɗaya don miya ta yi gishiri. Ta jira ya shiga wanka, ta kwashe rigarsa da wandonsa ta cilla kan rumbu, ta kama hanyar gidan ubanta. Aka yi ta sintiri har takalman dattawa suka gaji, ta ce in dai gishiri ne tana nan da sauransa. Na biyu ya tafi Abijan neman kuɗi, ya aiko da hoto guda sanye da baƙin tabarau, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Na uku shi kaɗai take yabo, ta ce bai taɓa ɗaga mata murya ba. Ni dai ina ganin mutuwa ce ta yi masa sutura, don bai daɗe ba. In na ce mata wanzami ba ya son jarfa, sai ta ce ai shi ya sa ya zama wanzami.

Ba ta wa'azi. Ta ce "haƙuri" ya riga ya tsufa a kunnen mata, tun suna goye ake raɗa musu shi. Ita shiga ɗaki take yi, ta miƙe ƙafa, ta cinye abin da aka kawo wa baƙi, sannan ta hau zagin mijin. Ta fara da kunnuwansa, ta sauko kan tafiyarsa, ta kwaikwayi yadda yake shan fura yana lumshe ido, ta taɓa kakanninsa. Mai yaji tana cije leɓe, tana cije leɓe, har dariya ta kuɓuce mata. Zaliha ta ce macen da ta yi dariya ta riga ta sa ƙafa ɗaya a mota.

In dariya ta ƙi, tana da makami na biyu, wanda bai taɓa cin amanarta ba. Sai ta miƙe, ta tattara kayan yarinya ta ƙulle, ta aza a kanta, ta fita tsakar gida tana ɗingishin ƙarya tana kiran sunan Allah. To a ƙasar nan wace ɗiya ce za ta zauna tana kallon sa'ar uwarta ɗauke da kayanta a cikin rana, maƙwabta suna leƙe? Dole ta taso a guje ta ce "Inna kawo". Inna ba za ta kawo ba sai an wuce zaure. In an wuce zaure kuwa, komawa ciki ta fi tafiya kunya.

Mun ga abubuwa a ɗakunan nan, ni da ita. Mun ga ido a kumbure, mun ga hannu a ɗaure da kara, mun ga haƙori a ƙulle a bakin zane. Ka tambaya, a ce ƙofa ce. Wallahi ƙofofin ƙasarmu Adar sun fi na ko'ina mugunta, da jandarmomi sun san aikinsu da sun kwashe su duka sun kai gidan kaso. Na san gidan da ba shi da ƙyaure ko ɗaya sai asabari, amma kowane wata sai ƙofa ta buge matar gidan. Wadda ƙofa ta bari, jaki ya harbe ta. Wadda ba su da jaki, santsi ya kwashe ta a bakin rijiya, ko da rani ne. Mu kuma mu ce sannu, Allah ya kiyaye gaba, harshe da haƙori ma ana saɓawa, mu ƙulle kaya.

Wata rana da la'asar, ana cikin zafin bazara, sai ga Alhaji Muktari mai shagon siminti ya tsayar da mota a ƙofar Zaliha. Mutum ne mai tsabta, mai turare, ba ya rasa sahun gaba. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta, ya ajiye turmin atamfa tun ba a yi aiki ba, abin da ba a saba ba. Ya ce matar ƙaninsa Ma'azu, Balkisa, ta tafi gidan ubanta a Takanamat ba sallama, ta ƙi dawowa.

Zaliha ta ce, "Wane Ma'azu? Ba shi ne a Libiya ba?"

"Shi ne, Inna. Damina ta uku ke nan za ta faɗi bai zo ba. Ni ke riƙe da gidan."

"To wa ta yi wa yajin? Katanga?"

Ya yi murmushi ya ce ƙuruciya ce kawai, kuma Hajiyarsu ta damu, a taimaka a dawo da ita tun maganar ba ta yi nisa ba. Da ya tafi na ce mata ruwa fa ba ya tsami banza. Ta shafa atamfar ta ce, "Ke Safi, wagga ma ba ta zuwa banza. Shirya, gobe da sahe."

Bari in gaya muku tun yanzu abin da mu ba mu sani ba a ranar, don kada ku yi dariya a inda bai kamata ba. Alhajin nan shi ne yake shiga ɗakin yarinyar da ƙarfi. Daga gare shi ta gudu, kuma shi ne ya aike mu mu kawo masa ita.

Muka hau motar kasuwa, har da buhun shinkafa da Alhaji ya ce a kai wa surukai. Uban Balkisa, Malam Alƙasum, dogo ne siriri, hatsin rumbunsa ya kusa kaiwa ƙasa, matarsa kuma ta rasu da jimawa. Ya dubi buhun, ya dube mu, ya ce shi kam kunya ta ishe shi. Ya ce ta zo ta shige ɗakin uwarta ba ta ce uffan ba, ba rauni a jikinta, ba a hana ta ci ba, ba a hana ta sutura ba, to me zai ce wa mutanen da suka riƙe shi da mutunci? Na ce gaskiya ne.

Muka same ta zaune a kan tabarma ta jingina da bango. Za ta yi ashirin da 'yan kai, doguwa kamar ubanta, tela ce, an ce ta iya ɗinkin mata. Auren soyayya suka yi da Ma'azu, bai cika shekara da ita ba ya bi hanyar Agadas. Ta gaishe mu a ladabce, ta kawo ruwa da fura, ta koma inda take.

Zaliha ta shanye furar ta fara aiki. Ta ce Ma'azun da ta sani in ya juya baya sai ka rantse ƙofar gari ce aka bari a buɗe, saboda gwamen ƙafa. Ta ce yana can yana ɗaukar bulo wa Larabawa yana aiko da hoto a jikin motar mutane. Ni na yi dariya, don aikina ne. Balkisa ta ce a hankali, "Inna, bai yi mini komi ba. Mutumin kirki ne."

Zaliha ta koma kan uwar miji, Hajiya Raƙiya, wadda take ƙirga ƙwayar magi kamar tasbaha. Shiru. Ta taɓa yaran gidan, ta taɓa awakin gidan. Shiru. Sai ta sauya murya ta ce, "Ɗiyata, ki dubi girman wanda ya aiko. Alhaji da kansa ya tako har ƙofata, ya durƙusa. Ya ce shi zai tarbe ki a tasha da motarsa."

Na ga yatsun yarinyar sun damƙe bakin tabarma har karan ya karye. Zaliha ma ta gani, ta ƙyafta mini ido, wai kunya ta fara aiki. Ta miƙe ta tattara 'yan zannuwan da ke kan igiya, ta ƙulle, ta aza a ka, ta fita.

Ban taɓa ganin wadda ta daɗe irin Balkisa ba. Zaliha ta zagaya tsakar gida da ɗingishinta, ta tsaya ta dafa rumbu, ta yi nishi, ta kira Annabi, ta sake zagayawa. Rana tana tsaka, ɗingishin ƙarya ya fara zama na gaske. Matan maƙwabta suka jeru a kan darni suna salati, wata tana cewa yaran yanzu ba su da ta ido. Yarinya tana ciki ba ta motsa ba. Sai uban ya ɗaga murya daga zaure ya ce, "Balkisa, tsohuwa ce fa ɗauke da kayanki. A gidana." Sannan ta fito. Ba ta gudu ba, ba ta ce "Inna kawo" ba, ta dai bi bayanmu kamar akuyar da aka saya.

A hanya, muna matse tsakanin buhuna da tumaki, ta yi amai sau biyu. Na ce warin man mota ne. Allah ya sa taya ta yi faci, direba ya ce kowa ya sauka, muka ja gefe ƙarƙashin wata aduwa. Zaliha ta ba ta ruwa ta wanke baki, ta tsaya tana kallonta, wuya, ƙirji, yadda take dafe mara. Duk wautar Zaliha ba ta kai ta kasa gane wannan ba.

Ta ce, "Wata nawa?"

"Zai yi uku, Inna."

"Na wa?"

Balkisa ta daɗe tana tona ƙasa da ɗan tsinke. Sannan ta ce, "Ya cire sakatar ɗakina tun da sanyi, ya ce kafinta zai zo ya gyara ƙofar. Ran farko na yi kuwwa, ya toshe mini baki, ya ce in na faɗa wa za a yarda da shi, ni ko shi. Na jingina turmi a ƙofa, ya ture. Na gaya wa Hajiya, ta ce aljani ne ke zo mini a siffar mutane, ta kawo mini turaren hayaƙi."

Zaliha ta ce, "Wan mijinki, Alhaji?"

Ta gyaɗa kai.

Zaliha ta tofar da goron bakinta, sabo fil, wanda ba ta daɗe da ɓarawa ba. Na jira in ji zagi, don a nan ne ya kamata a ji shi, amma bai zo ba har aka gama faci. Na tsani mutumin nan a ranar, kuma har gobe ban daina ba, kowa ya ji.

Muka iso tasha gab da magariba. Alhaji yana nan tsaye jikin motarsa cikin farar shadda, ya buɗe ƙofar baya tun daga nesa. Balkisa ta riƙe gefen zanena. Zaliha ta aza ƙullin kaya a ka, ba ɗingishi ko kaɗan, ta wuce shi kamar ba ta gan shi ba, ta ɗaga wa mai adaidaita hannu.

Ya biyo ta da sauri. "Inna, ga mota nan."

"Mun gani, Alhaji, Allah shi sa alheri. Ƙofarta na da sakata?"

Murmushin ya tsaya masa a fuska bai san inda zai kai shi ba. Ya ce bai gane ba. Ta ce ya gane. Sannan ta ɗaga murya yadda masu shayi da 'yan kabu-kabu za su ji, ta ce ita tun da take, miji take yi wa biko, ba ta taɓa yi wa wan miji ba, yau ma kuskure aka yi. Yarinya gidan ita Zaliha za ta zauna, mai mata in ya dawo ya zo ya ɗauki abinsa. Ya fara cewa ai amana aka bar masa. Ta ce, "Na ji yadda ka riƙe ta." Muka shiga adaidaita muka bar shi riƙe da ƙofa. Atamfarsa kuwa ni na mayar washegari, na ajiye masa a kan buhun siminti gaban masu ciniki, ban ce masa ko sannu ba.

Na ɗauka shi zai zo da faɗa. Ina, irinsu ba sa zuwa, uwa suke turowa. Da hantsi sai ga Hajiya Raƙiya da ƙaton mayafi da ƙwaryar fura, ta zauna a kan kujerar tsakar gida ta yi gaisuwa mai tsawo. Ba ta kama sunan Muktari, ɗan fari ne, sai dai ta ce "babban". Ta ce ta san yarinya tana da juna biyu, ai abin farin ciki ne. Cikin Ma'azu ne, tun kafin ya tafi ya shiga, ya kwanta, yanzu Allah ya tashe shi. Kwantacce ne. Ta riga ta gaya wa dangi.

Ku da ba 'yan nan ba, kwantaccen ciki shi ne wanda ake cewa ya yi barci a mara, shekara ɗaya, biyu, har fiye, sannan ya farka ya ci gaba da girma. Ban ce babu shi ba, ni ba malama ba ce, ba likita ba. Na dai lura cewa jariran Adar akwai haƙuri, kuma sun fi yin wannan dogon barci a gidajen da maza suka tafi biɗar kuɗi suka bar matansu a hannun 'yan'uwa.

Hajiya ba wawuya ba ce. Ta dubi Zaliha ido cikin ido ta ce, "Ke kin san duniya. In ta koma ɗakinta ta haihu, ɗa yana da uba, yana da suna, a yanka rago, kowa shi ci shi yi addu'a. In ta zauna nan, mi za a kira shi? Mi za a kira ta? Ubanta shi iya shiga masallaci? Ni asirin kowa nike rufawa, har nata."

Zaliha ta ja ni bayan madafa ta ce, "Safi, tsohuwar nan muguwa ce, amma ba ƙarya take ba." Ban ce gaskiya ne ba, ban kuma ce ƙarya ne ba, don ni ma na san garin da muke ciki. Yarinyar da ta haihu miji ba ya nan, ba wanda zai tambayi wa ya cire sakata. Ita za a nuna da baki a gidan biki, ɗanta za a gaya wa baƙar magana a lakwal, wato makarantar boko.

Muka dawo. Zaliha ta kira Balkisa daga ɗaki, ta maimaita mata maganar Hajiya tsaf, ba ta rage ba, ba ta sa wasa ba. Ta ce, "Ke za ki zauna da abin, ko can ko nan. Faɗi."

Balkisa ta durƙusa nesa da uwar mijinta, kanta a ƙasa. Ta ce, "Hajiya, in na koma, shi ina zai zauna?"

"Wace irin tambaya ce wagga? Gidan ubansa ne."

"To ba ni komawa."

Hajiya ta yi salati, ta ce za a sa sabuwar sakata, har biyu in ana so. Ta ce ta yi wa babban faɗa, shaiɗan ne, ba zai sake ba. Da ta ga ba a tanka ba sai ta juya kan Zaliha ta ce duka biyun ita ta haife su, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Zaliha ta ce, "Ba wanda ya ce ki yanke, Hajiya. Amma ki daina kwasa wa mutane tuwo da shi." Hajiya ta ɗauki ƙwaryar furarta, ko kurɓa ba a yi ba, ta fita.

Muka kai Balkisa awo gidan likita. Ungozomar, wata mai kirki, ta ja ta gefe ta ce akwai inda ake kai irin wannan ƙara, in tana so za ta raka ta. Balkisa ta ce ba yanzu ba, tana son mijinta ya fara ji, amma ta rasa ta inda za ta soma. Kullum ta ɗauki waya ta ajiye.

Hajiya ta riga ta. Ana nan sai ga vokal daga Ma'azu, saƙon murya, ana jin ƙarar injin kwaɓa siminti a bayansa. Muna tsakar gida mu uku muna tsinke zogale, Balkisa ta kunna. Murna yake yi kamar yaro. Ya ce Hajiya ta gaya masa, Allah mai iko, ashe tun da ya tafi ya bar ajiya bai sani ba, abokan aikinsa har sun sa shi ya sayi lemo. Ya ce ta bar fushi ta koma gida, ta daina wahalar da mutane, ai ciki ne ke sa mata ƙunci. Sannan ya ce, "In namiji ne, a sa mishi sunan Yaya. Shi ya riƙe mini gida tun da na taho, ban da abin da zan saka mishi da shi."

Zaliha ta buɗe baki za ta fara, Balkisa ta ɗaga mata hannu, abin da ban taɓa ganin wani ya yi wa Zaliha ba. Ta share hannunta a zane, ta ɗauki wayar, ta zagaya bayan garken awaki. Na kasa kunne iya ƙarfina, don ni da jin zance ta katanga mun saba, amma abin da na tsinta kawai shi ne farkonsa: "Ni ce. Ka nemi wuri ka zauna." Ta daɗe tana magana. Da ta dawo idonta a bushe, ta zauna ta ci gaba da tsinke zogale.

Amsa ba ta zo ranar ba, ba ta zo washegari ba. Zaliha ta kasa zuwa kasuwa, tana ta zagin kaji. Mun san abin da zai iya biyowa: ya ce ƙarya take, ya ce ta koma ko ya tsine, ko ya aiko da saki uku a murya ɗaya. In ya ce ta koma, ubanta zai ce ta koma, liman zai ce ta koma, kuma Zaliha ba ta da hurumin riƙe matar mutum. Da saƙon ya zo gajere ne ƙwarai, muryar a dishe kamar ba tasa ba. Ya ce, "Kada ki koma. Zauna nan wurin Inna."

Daga nan bai ƙara cewa komai a kan maganar ba. Bai sake ta ba, bai dawo ba, ya daina kiran gidansu, yakan aiko da ɗan abin masarufi ta hannun wani abokinsa. Ban san me yake saƙawa ba, kuma ba zan yi masa ƙarya in ce jarumi ne ko ragon namiji. Muktari yana nan yana sayar da siminti, yana sahun gaba, turarensa bai ragu ba. Gari kuwa ya yanke hukuncinsa a kan wadda ta fi sauƙin yankewa: aka ce Zaliha ta tsufa ta fara ɓoye matan mutane, aka daina aiko ta biko. Ta ce dama wuyanta ya gaji da kayan 'ya'yan wasu, cuku ya ishe ta.

Bayan an gama girbi Balkisa ta haifi mace a ɗakin Zaliha. Daga gidan Hajiya ko goro ba a aiko ba. Malam Alƙasum ya aiko da tiyar wake da saƙon cewa ƙafa ta hana shi zuwa, mun kuma san wace ƙafa ce. Zaliha ta ba da ragon da take kiwo don layya, ta je da kanta ta tsaya a ƙofar liman har ya ji kunya ya taso. Mazan da suka zo raɗin suna ba su cika tabarma ɗaya ba. Aka sa wa yarinya Ramla.

Na ce mata kada ta dafa abinci da yawa, za mu yi asara. Ta ce in rufe mata baki in hura wuta. Har azahar gidan ba kowa sai mu da ƙudaje. Can wajen la'asar sai mata suka fara shigowa ɗaya-ɗaya, kowacce da uzurinta. Wannan wucewa take yi ta ce bari ta leƙo, waccan cuku ta zo saya, wata aron rariya. Ba wadda ta zo suna, amma kowacce da ɗan sabulu ko 'yar riga a ƙarƙashin mayafi, kuma ba wadda ta tafi. Kafin rana ta yi sanyi ɗaki ya cika, tsakar gida ta cika, shinkafa ta kasa. Zaliha ta samu abin da take so, ta hau kwaikwayon yadda liman ya yi addu'a a guje kamar wanda ya bar madara a wuta, mata suna ta faɗuwa da dariya.

Cikin waɗanda suka shiga ɗaki akwai wata dattijuwa, matar wani mai faɗa a ji a unguwarmu, ba zan kama suna ba. 'Ya'yanta manya ne, babban har ya kai ta Makka. Ta zauna a bakin gado ta karɓi jaririya, ta buɗe zanen ta duba 'yan yatsun, ta tofa mata addu'a. Ta daɗe tana kallonta. Sannan ta ce, ba da ƙarfi ba, kuma ba ta dubi kowa ba, "Nawa na fari ma kwantacce anka ce."

Dariyar tsakar gida tana shigowa ta taga, amma a ɗakin ba wadda ta yi motsi. Ba wadda ta tambaye ta na wane ne. Jaririya ta fara kuka, Balkisa ta miƙa hannu ta karɓe ta, ta gyara zama a kan gadon Zaliha ta ba ta nono.